Babban Baƙi, Ƙaramin Baƙi

Talata, ƙarfe goma, ofishin haihuwa na magajin gari,
fanka na juyi kamar ba ta so.
Malam Ƙasimu ya zo daga Jirataua
da lakar fadama a ƙafar wando,
takardar haihuwar ɗiyarsa yake biɗa,
jarrabawa saura kwana tara.

Na buga sunan, ɗayyaba ƙasimu.
Na'ura ta ce babu.
Ya ce, "Yaro, ni na yanka ragon sunan,
mai ƙaho ɗaya ne, kowa ya shaida.
Tambaye ta kuma."
Na tambaya. Babu.

Tsohuwar na'urarmu kaka ce,
ko da wace murya jika ya yi sallama ta san shi.
Bara muka kwashe kaya zuwa sabon rumbu,
Linuks, mai idon ɗan duwan na Ɗan Isa:
A babba mutum guda, a ƙarama wani mutum,
kowa ya nuna takardarsa.

Ga magatakardan da suka gabace ni.
Madam Zuwera, shekara goma sha ɗaya,
manyan baƙaƙe zalla take bugawa
kamar mai kira daga tsallaken gulbi.
Mushe Tsahiru kuwa ƙanana,
yana tsimin tawada ko a kan gilashi.
Wani ɗan koyon aiki ya dama su kamar fura,
har wutsiyar fayil bai bari ba,
nan jpg, can JPG.
Dubu arba'in da bakwai.
In sake masu suna ɗaya ɗaya? Sai damina ta zagayo.

Na ce ya dawo jibi.

Da dare a Mokoyo wuta ta tafi,
batir ya ce sa'a biyu gare ni, in ji da kaina.
Shayi ya huce a gefen tabarma.
Na rubuta layi goma sha huɗu a harshen PHP:
buɗe kundi, jera sunaye,
kowa ya tuɓe hula a bakin ƙofa,
wanda ake nema shi ma ya tuɓe,
in kawuna sun daidaita a gwada su.
Sai ga ɓatattu suna ɓullowa,
ABDU da abdu, RAKIYA da Rakiya,
kamar gujiya in an girgiza saiwa.

Ban da Ɗayyaba.

Na zuba wa allo ido har sauro ya ƙoshi.
Ashe mai tuɓe hular
baƙi ashirin da shida kawai ya sani.
Ɗ ta iso da lanƙwasarta, baiti biyu take ci,
ya dube ta bai gane ba,
ya bar ta tsaye ita da Ƙ,
baƙi a garin ubansu.
Na kore shi, na ɗauko ƙanensa
mai ƙirga harafi, ba mai ƙirga baiti ba.

Ta fito. Sun fito, su biyu.
ƊAYYABA ƘASIMU ta Madam Zuwera,
Ɗayyaba Ƙasimu ta wani hannu,
ɗaya Jirataua, ɗaya Bagalam,
wata bakwai tsakaninsu, uwa daban.
Da na ce a ɗauko ta farko a wuce
da na ba wani ɗiyar wani.
Ɗan duwan ɗin ma yana da tasa gaskiyar.
Na ƙara layi: in sun yi yawa kawo su duka,
zaɓi aikin mai ido ne.

Alhamis na ce, "Sunan uwarta?"
Ya yi jim, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sahura."
Hatimi ya sauka.

Bai yi boko ba, amma ya riƙe takardar da hannu biyu.
"Wanne ne ya ɓoye ta?"
Na ɗora biro a kan Ɗ.
Ya duba, ya sake dubawa.
"Wannan ai lauje ne," in ji shi.
Ya bar mini tattasai cikin leda a ƙarƙashin tebur,
ya fita neman kabu-kabu.